Neman shawara: likitoci sun ce a huda wa maigidana maƙogwaro

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, kaina ya kulle. Mun je biki Gusau, bikin ƙanwar kishiyar yayata, ni da ma ban so zuwa ba. Da muka dawo Baban Ilham ya yi gudawa ta kwana uku, ta tsaya. Bayan sati biyu ya ce yana jin tafiyar kiyashi a ƙafa, wata asuba ya kasa miƙewa daga sujada. Abin ya hau hannu, ya kai ƙirji. Likitoci sun ce Guillain-Barré ne, garkuwar jikinsa ce ta juya ta kama jijiyoyi. Yau kwana 12 inji ke masa numfashi, da ƙifta ido muke magana. Yanzu suna so su cire robar numfashin da ke bakinsa, su huda maƙogwaro su sa wata ta nan. Hajiyarsu ta ce ba da yawunta ba, sammu ne. In sa hannu?

Ummu Sadiq: Allah ya ba shi lafiya. Ni dai tun da aka bar mahaifina a gefe guda har gyambo ya fito masa a ƙugu na daina yarda da asibiti. Kwana 9 ina roƙo a juya shi!

Anti Nas: Ki sa hannu yau. Shekara da shekaru ina aiki a ɗakin da ake kula da masu irin wannan jinyar. Robar baki in ta daɗe tana cin maƙogwaro. Hudar ta fi sauƙin zuƙe kaki da wanke baki, kuma tana rufewa bayan an cire. Yawancin masu wannan ciwo suna tashi, sai dai a hankali, wata da watanni. Ki sa ido: juyi duk awa 2, kan gado a ɗage, masu gashin ƙashi su riƙa motsa gaɓoɓi. In idonsa ba ya rufuwa a ɗiga magani. Kuma yana jin duk abin da kuke faɗa, ku daina gardamar kuɗi a kansa.

Baban Khalifa: Uwa fa ba abin wasa ba ce. Ki bar wa yayyensa maza su yanke.

Anti Nas: Malam, shi fa hankalinsa ƙalau. A tambaye shi ya ƙifta. Sannan ko ɗigon ruwa kada ya shiga bakinsa, ba ya iya haɗiya, cikin huhu zai tafi.

Maman Ilham: Anti, ai auduga kawai nake tsomawa a rubutun Hajiya in goga masa a leɓe. Kuma ba na so in tsorata shi da tambaya.

Anti Nas: Ki shafa a goshi, ki yi tofi. Bakin nan ki bar shi.

Ummu Sadiq: Haka suka ce mana mu ma.

Maman Ilham: Ku ba ku san Hajiya ba ne. In wani abu ya faru, ni za a ce na yanka mata ɗa. Yaya Babba yana hanya daga Kaduna, wayarsa ma ba ta shiga.