Tun da na sa manyan tayoyi, agogon gudun motata ya daina faɗin gaskiya

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman makanikai. Hilux gare ni, na cire tayoyinta masu lambar girma 265/65R17 na sa 285/70R17 saboda ramukan hanyar ƙauyenmu. Yanzu in agogo ya nuna 100, ma'aunin gudun da ke wayata 107 yake nunawa, kilomitocin da agogon yake ƙirgawa ma sun gaza. Na gane dalilin: tayar ta fi tsohuwar girma da kusan kashi 7 cikin 100.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfin motar. Da kaya a baya, hawan da nake yi a giya ta huɗu yanzu sai ta uku, ga shan mai. Wani makaniki ya ce a canza haƙoran aksul (giyoyin da ke juya tayoyi), wani ya ce saita agogon kawai ya isa. Don Allah wanne zan bi?