Aikin editan littattafan makaranta: ta ina ake farawa a Abuja?

Maman_Khalifa: Assalamu alaikum. Ƙanwata ta gama digiri a fannin Hausa, Allah ya ba ta hannun rubutu, tana so ta shiga aikin tace littattafan makaranta ta haɗa da rubutun kanta. Don Allah mene ne ainihin aikin, kuma zai iya riƙe mutum a garin nan?

Malamin_Garki: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ta fara da neman manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa da ke Sheda a kan hanyar Lokoja. Littafin firamare ko na sakandare da bai bi manhaja ba, komai daɗin rubutunsa makaranta ba za ta ɗauka ba. Edita zai ajiye rubutun marubuci a hannun dama, manhaja a hagu, ya bi batu bayan batu: an tsallake wani? An cusa darasin aji biyar a littafin aji uku?

Karatu ɗaya ba ya isa. Na farko na tsari ne kawai, kada ta taɓa ko waƙafi, don babin da ta ɓata dare tana gogewa yana iya fita gaba ɗaya. Na biyu shi ne mai wuya, wato tantance gaskiyar abin da aka rubuta. Kowane lissafi ta ɗauki biro ta yi shi da kanta, ta gwada da amsar da ke bayan littafi. Kowace taswira ta ƙirga jihohi 36, don har yau akwai masu kwaso tsohuwa ta kafin 1996, babu Zamfara, babu Gombe, babu Nasarawa. Sai a na uku ake zuwa kan harshe, da tsawon jimla daidai da shekarun yaro. Bayan an tsara shafuka kuma a sake bi, domin a nan ake samun "duba shafi na 32" alhali abin ya koma na 40 tun da aka matsar da babi.

Baban_Nana: Ƙari a kan na Malam, tunda Hausa ta karanta. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ne ke ba da kunya a maɗaba'a. A kwamfutarta suna nan lafiya, amma idan ta mai tsara shafi ba ta da irin salon harafin, sai su koma akwati-akwati ko su ɓace. Ta nace a ba ta PDF ɗin ƙarshe da kwafin gwaji a takarda, ta sa hannu, sannan a ɗora a inji. Ta kuma san cewa ana buga shafuka ne 16 ko 8 a babbar takarda guda a naɗe, shi ya sa littafi mai shafi 98 asara ne: ko a rage zuwa 96, ko a biya kuɗin takardar da ba a cika ba. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa, kuma doka ta ce mai buga littafi na kansa ya kai musu kwafi uku.

Maman_Khalifa: Na gode ƙwarai. To maganar kuɗi fa?

Yaya_Talatu: Gaskiya, ƙanwata, tace littafi shi kaɗai ba zai biya haya a Abuja ba. Manyan kamfanonin da ke ɗaukar edita a kan albashi, irin su University Press da HEBN a Ibadan suke, Learn Africa a Legas, namu na Arewa NNPC (kamfanin buga littattafai, ba na man fetur ba) kuma a Zariya. Aikin ma na lokaci ne, yana zafi watannin da ke gaban Satumba, sannan ya lafa. Masu cin abinci da alƙalami a nan haɗawa suke yi: fassarar takardun wayar da kai na ƙungiyoyi, rahoton shekara na ma'aikatu, jawabin taro, wasan kwaikwayon rediyo, tarihin rayuwar wani babba da sunansa zai fito a bango ba nata ba. Ta riƙa leƙa tarukan ANA, ƙungiyar marubuta ta Najeriya, a ƙauyen marubuta na Mamman Vatsa da ke Mpape, aiki yakan biyo ta bakin wanda ya san hannunka.

Kada ta fara komai sai da yarjejeniya a rubuce: kuɗin a kan shafi ne ko a kan aikin duka, rabi a hannu kafin a fara, da sau nawa za a dawo mata da gyara. In ba a faɗi wannan na ƙarshen ba, marubuci zai yi ta ƙaro babi ana cewa ai gyara ne.

Malamin_Garki: Haka ne, Yaya. In kuma littafin nata ne, ta tambaya kason marubuci, wanda yawanci bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba, daga kuɗin da ke bango za a cire ko daga abin da ya rage bayan ragin da ake wa dillalai. Tazarar ba kaɗan ba ce. A kuma rubuta cewa idan manhaja ta canja aka buƙaci sabon bugu, ita za a fara nema, kuma da biya.