Kayan Zafi na Yara: Yaya Za a Ɗinka Su Har Su Kai Baɗi?

Maman Sadiya, Ringim: Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, shawara nake nema. Da zafi ya kama a watan Maris na buɗe adaka na ciro kayan bazarar bara, sai na tarar rigar Sadiya, wadda a da take sauka har ƙwauri, yanzu a gwiwa ta tsaya, wandon ƙaninta kuma ya ɗage ya bar idon sawu a waje. Ina da keken hannu, na kuma iya ɗinki daidai gwargwado. Wane yadi ya kamata in saya, kuma yaya zan yanka shi don kada kowace shekara in koma gidan jiya?

Goggo, Gumel: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki fara da yadin tukuna, domin yawancin kurajen zafin da ke feso wa yara a wuya da gadon baya, tufafin da ke riƙe gumi ne suke ƙara musu. Ki nemi auduga zalla marar nauyi, ki bar shadda mai sitati da leshi sai ranar Salla. Mai kanti zai rantse miki cewa auduga ce, amma kada ki tsaya a maganarsa. Ki zare zare ɗaya ko biyu daga bakin yadin ki kusantar da ashana: auduga tana ci da wuta da ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi, mai roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Idan kin saya, ki jiƙa shi ya bushe kafin ki sa almakashi, saboda auduga tana tsukewa a wankin farko.

Malam Tela, Dambatta: Goggo ta faɗi gaskiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Ni ta fuskar awo zan yi magana. Kuskuren da na fi gani shi ne uwa ta ce a yi wa yaro riga babba ta ko'ina wai don ya girma a cikinta. Yaro mai shekara 4 zuwa 10 tsawo yake yi fiye da faɗi, don haka kafaɗa da wuya a yanka su daidai jikinsa, rarar kuma a ɓoye ta a kalmasa. Ina barin inci 3 a ƙasan riga da ƙafar wando, in bar inci 1 a kowane gefe, sannan in ɗinke kalmasar da ɗinki mai tsayi, wanda idan lokacin saki ya zo za a warware shi da bakin allura ba tare da an huda yadin ba. A ƙugun wando kuma zariya ta fi roba, domin roba tana mutuwa da zafin rana da yawan wanki, idan ta matse kuma tana yi wa yaro shaida a ciki.

Maman 'Yan Biyu, Kazaure: Malam, da a ce na ji wannan bayani bara waccan da ban yi asara ba. Na yi wa Hassana doguwar riga har tana jan ƙasa, ina ganin na yi dabara. Ranar da ta fara sawa ta taka bakin rigar a hanyar Islamiyya, ta faɗi ta ƙuje gwiwa, rigar ta yage daga ƙugu. Kafin ta kai tsawon rigar, bakin ya riga ya cinye da ƙasa. Sai dai ina da ja a kan kalmasar nan: duk lokacin da na sake ta, layin ninkin yana fitowa fari fat, yadin ciki kuma bai koɗe kamar na waje ba, kowa ya gani ya san an ƙara.

Goggo, Gumel: Wannan laifin shanya ne, 'yar nan. Ki riƙa juya rigar ciki waje kina shanyawa a inuwar darbejiya, kada ki bar ta a tsakar rana tun hantsi har la'asar. Idan layin ya riga ya fito, ki yanko siririn ƙyalle mai wani launi ki ɗora a kansa, ki sa irinsa a bakin hannu, sai ya zama ado. Ni ban taɓa zubar da guntun atamfa ba, a tsohon matashin kai nake tara su.

Malam Tela, Dambatta: Abu ɗaya na manta. Kayan zafi ba sa son shafi. Ga maza, 'yar shara da gajeren wando sun isa zaman gida da wasa, ga mata kuma riga mai tattara daga ƙirji, wadda iska ke shiga ta ƙasa. A rage zif a sa maɓalli, ko a buɗe wuyan yadda kai zai wuce.

Maman 'Yan Biyu, Kazaure: Game da saye, ƙanwata, turmin atamfa yadi 6 ne, kuma ni yana fitar mini da rigunan yaran nan biyu har da ɗankwali. Idan wani naku zai shiga birnin Kano, ki ba shi saƙo Kantin Kwari, ko ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku raba turmi. Ki zaɓi zane mai ƙananan furanni, domin manyan zane suna cin yadi wajen daidaita su.

Maman Sadiya, Ringim: Allah ya saka muku da alheri. Yanzu na duba wandon yaron, ashe telan bara ya bar kusan inci 2 a ƙafa, don haka yau bayan la'asar zan sake shi. Rigar Sadiya ce babu rara ko kaɗan. Goggo, idan zan ƙara mata ƙyalle a ƙasa, shi ma sai na jiƙa shi tukuna?

Goggo, Gumel: Ƙwarai kuwa, ki jiƙa shi. Rigar ta gama tsukewarta, idan kin haɗa ta da sabon ƙyalle bai sha ruwa ba, wanki ɗaya zai tattare miki bakin.