Margarita marar giya: wa ya san abin da ake zubawa a ciki?

Mai Lemo ta Gwale:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman haske a kan wani abu da ya tsaya mini a rai kusan sati biyu ke nan. Sana'ata haɗa lemon biki ce, zoɓo, kunun aya, lemon tsamiya, abarba da citta. Wata amarya da za a yi dinarta bayan sallah ta ce lallai margarita take so a teburin ƙawaye, wani haɗin lemon tsami da asalinsa da giya ake yi, amma ita wadda babu giya take so, irin wadda ta sha a Abuja. Ban taɓa haɗawa ba, kuma ba na karɓar kuɗin mutum a kan abin da ban iya ba. Sai na ja ƙanwata muka zaga gidajen abinci uku don in ji da harshena.

Ta farko a Nasarawa muka sha. An kawo ta a kofin gilashi mai faɗin baki, an zagaye bakin da gishiri. Gishirin ne ya fara taɓa leɓe, tsamin lemo ya biyo baya, can ƙarshe sai wani zaƙi mai laushi da ba na sukari ba, kamar zuma amma babu ƙamshin zuma. Wallahi ta yi daɗi. Ta biyu a Zoo Road, wannan kam Sprite ce da lemon tsami da ƙanƙara aka raɗa mata suna. Ta ukun ce ta tayar mini da hankali. Launinta ya ɗan yi ja-ja, ga ɗaci a bayan harshe, ga ƙamshi kamar na kayan yaji. Na kira yaron da ya kawo na ce me kuka zuba? Ya ce, "Agave ne da bitas, Hajiya." Na ture kofin ban ƙara ba.

Da na dawo gida na duba a waya, sai na ga ashe da agave ɗin nan ake yin giyar tequila. Tun ranar ban samu natsuwa ba. Ruwan agave da tequila abu ɗaya ne? Kuma me zan zuba in samu ɗanɗanon ta farkon ba tare da na ɗura wa 'ya'yan mutane abin da za a tambaye ni gobe ƙiyama ba?

Malamin Gona:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki a kan agave. Ki ɗauke shi kamar dawa: da ita ake tuwo da kunu, da ita kuma ake burkutu. Laifin ba na dawar ba ne, a wajen sarrafawa hanya take rabuwa.

Agave tsiro ne mai dogayen ganyaye masu kauri da ƙaya a baki, daga nesa za ki ɗauka aloe vera ne ya yi girma, amma ba shi ba ne. Ɗan'uwansa shi ne sisal da ake igiya da zarensa. Wanda ake tequila da shi nau'i ɗaya ne tak, shuɗin agave, kuma sai ya shekara 6 zuwa 8 a gona kafin ya nuna. Idan ya nuna sai a sassare ganyen a bar zuciyar, wadda take kama da ƙatuwar abarba, wata sai mutum biyu sun kama. A gasa ta a tanda har ta yi zaƙi, a matse ruwan. To daga nan ne. Mai son tequila zai zuba yis ya bar ruwan ya tsimu, sannan ya tace shi ta hanyar tururi sau biyu, ya fito da giya mai ƙarfin kashi 35 zuwa 55 cikin ɗari. Mai son abin zaƙi kuwa tace ruwan zai yi ya dafa har ya yi kauri, babu tsimawa ko kaɗan. Wataƙila wannan na biyun shi ne zaƙin da kika ji a Nasarawa.

Sunan ma na gari ne, Tequila, a jihar Jalisco ta ƙasar Meziko. Tun 1974 dokarsu ta hana kiran wata giya da sunan sai wadda aka yi a Jalisco da wasu yankuna na jihohi huɗu.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: ruwan agave cike yake da sukarin da ake kira furuktos. Wasu suna tallarsa kamar magani ne ga masu ciwon suga. Sukari ne, a sha da lissafi.

Ɗan Fagge:

Anti, ni ba agave ne ya dame ni a labarinki ba, bitas ɗin ne, ruwan nan mai ɗaci da ake ɗigawa a abin sha. Na yi shekaru ina kai abinci teburi a wani otal a Legas, kuma yawan ɗaukar tiren kwalabe yana cikin abin da ya dawo da ni gida. Ban taɓa kai giya bakina ba, amma hancina ya san nau'o'in tequila duka. Fara tas ɗin ita ce blanco, ba a ajiye ta a gangar katako, warinta kamar ɗanyen ganye da barkono. Reposado tana kwana a ganga daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara, ta yi ruwan zuma. Añejo shekara 1 zuwa 3, wadda ta haura 3 kuma extra añejo, ita ce masu kuɗi suke juyawa a kofi suna shinshinawa kafin su kurɓa. Za ki ji suna musu a kan Patrón da Don Julio, wato sunayen tequila na kamfanoni, suna duba ko an rubuta agave ɗari bisa ɗari, don wadda ba a rubuta ba doka ta yarda kashi 51 kawai ya zama agave, sauran wani sukarin.

Margarita ta asali abu uku ce: tequila, ruwan lemon tsami, da wata giya mai ƙamshin ɓawon lemon zaƙi da ake kira triple sec. Ki lura, giya biyu ke nan. Na sha ganin mai haɗawa ya cire tequila ya bar ta biyun, shi a ganinsa ya gama.

Bitas kuwa, idan 'yar ƙaramar kwalbar nan ce ta Angostura mai takardar da ta fi kwalbar tsawo da murfi ruwan ɗorawa, a jikinta an rubuta kashi 44.7 na giya. Ɗigo biyu uku ake sawa, shi ya sa mutane ba sa ɗaukarsa komai. Kuma da shi ake haɗa Chapman a wurare da yawa, wannan da muke sha a bukukuwa ba tare da tambaya ba. Duk inda kika je ki ce a nuna miki kwalbar. Wanda ba ya ɓoye komai zai ɗauko.

Hajiya ta Tarauni:

Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya tambaya. Hadisin sananne ne, abin da mai yawansa yake sa maye, kaɗansa ma haramun ne. Ni shawarata ko sunan ma ki sauya. Kano ce nan, iyayen ango za su zo wajen. Wata gwaggo ta ji sunan ta tambayi jikanta, magana ta zama wata iri, ke da kika yi shekaru kina gina sunanki. Ki lallaba amaryar, ɗanɗanon take so da kyan kofin a hoto.

Mai Lemo ta Gwale:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ka sauke mini dutse daga ƙirji. Ɗan Fagge, maganar Chapman ta girgiza ni, don na sha sayo wa yarana.

Jiya da sassafe na je 'Yan Lemo na zaɓo lemon tsami masu santsin fata, su suka fi ruwa. Ban nemi agave ba, tsadarsa ba za ta fitar da ni ba a biki mai mutum da yawa. Na narkar da sukari a ruwa da cokali ɗaya na zuma, na kankare ɓawon lemon zaƙi a ciki, saman kawai, ban taɓa farin ba. Zagayen farko na bar ɓawon ya tafasa, ya yi ɗaci na zubar. Na biyu na sauke tukunyar sannan na zuba, na rufe minti goma, ƙamshin ya fito fes. Na goga lemon tsami a rabin bakin kofi na dangwala a gishiri, don wadda ba ta so ta sha ta ɗaya gefen. Ƙanwata ta ce ya kusa kamo na Nasarawa, sai dai nawa ya fi zaƙi, zan rage sukarin. Amarya za ta zo ranar Asabar ta ɗanɗana, kuma zan yi mata maganar sunan.

Saura abu ɗaya: gishirin yana narkewa ya zubo jikin kofi kafin a kai teburi, ga zafin garin nan. Wa ya san dabara?

Ɗan Fagge:

Ki nemi gishiri mai manyan ƙwayoyi, Anti, na leda ya yi laushi da yawa. Ki goga lemon a wajen bakin kofin kawai, ki dangwala, ki jera su a faranti su bushe kamar rabin awa. Lemon da ƙanƙarar kuma sai an zo ɗauka za a zuba.