Fili mai sharuɗɗa a takarda: ya kai kuɗin da ake nema?

Abu Safwan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kwanan nan ko barcin kirki ba na samu. Na daɗe a gidan haya, kuma mai gidan duk shekara sai ya ƙara kuɗi, bana har ya fara zancen ɗansa zai yi aure, wai yana iya buƙatar sashen da muke ciki. Uwargida ta gaji, yara sun tasa, maza da mata a ɗaki ɗaya, abin babu tsari. Na sayar da motata, na haɗa da ɗan abin da ya zo mini na gadon mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, wanda shi ma sai da aka kai ruwa rana da 'yan uba kafin a raba. To yanzu an nuna mini fili kusa da gidan da Hajiyarmu take, faɗi mita 15, tsawo mita 30. Matsalar ita ce akwai sharuɗɗa a takarda: a bar mita 6 daga titi, a bar mita 6 a baya saboda magudanar ruwa ta bi ta nan, a bar mita ɗaya da rabi a kowane gefe, ba a yin bene, kuma gidan zama ne kawai, ban da shago. Mai filin ya sauko da kashi 15 cikin 100 daga yadda aka sayar da na kusa da shi. Dillali ya ce akwai wani mai so, in ban cika zuwa Juma'a ba an wuce wurin. Ya kai kuɗinsa ko in haƙura?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Nawa ne kuɗin, kuma wace irin takarda ce da filin?

Abu Safwan: Hajiya, ba zan faɗi adadin ba, wataƙila mai filin yana cikin zauren nan. Takarda kam akwai, na gan ta da idona.

Alhaji Mai Filoti: Malam, ka saurare ni da kyau, harkar ƙasa na san ta ciki da waje. Ɗauki alƙalami. Cire mita 3 daga 15, saura 12. Cire 12 daga 30, saura 18. Sha biyu sau sha takwas, murabba'in mita 216 ke nan cikin 450. Ko rabi bai kai ba. Wanda ya sayar maka da ƙasa da rabin fili ya rage maka kashi 15, ai shi ya ci riba, kai ka ci iska. Ka taya rabin kuɗi, in ya ƙi ka kaɗe rigarka. Zancen "akwai wani mai so" kuma, tun kafin a haife ka dillalai ke rera wannan waƙar, la'adarsa yake hange.

Abu Safwan: Alhaji na gode, amma dillalin nan tare muka taso, ba zai cuce ni ba. Kuma mita 6 ɗin baya ai ba ɓata ya yi ba, zan dasa itatuwa, yara su samu wurin wasa.

Safiyo Ɗanlami: Ranka ya daɗe Alhaji, lissafinka daidai ne amma abin da ka gwada shi da shi ne ba daidai ba. Babu filin da aka tsara da ake gine shi kaf daga iyaka zuwa iyaka. Na maƙwabcin ma dole ya bar gaba da gefe. Mu ɗauka shi mita 3 zai bari a baya: 12 sau 21, wato 252. Bambancinsa da 216 murabba'in mita 36 ne, kusan kashi 14 cikin 100. Ka ga ragin da mai filin ya yi ya biya asarar ƙasa ke nan, ba ƙari. Abin da bai biya ba shi ne hana bene da hana shago, kuma nan ne kuɗin yake. Abu Safwan, tambayata: wa ya sa sharaɗin? In hukumar tsara gari ce ta sa shi a taswirar unguwar, to yana bin ƙasar ne, duk wanda ya saya bayanka zai gada, kuma shi ma zai nemi ragi ranar da za ka sayar. In kuwa yarjejeniya ce tsakanin wanda ya yanka filayen da masu saye, wani lokacin ana iya zama a sassauta, amma a rubuce. Sannan ka tambaya ko an yarda ka kewaye mita 6 ɗin bayan da katanga. Sau da yawa ana barin irin wannan wuri ne don ma'aikata su shiga yashe magudanar. In haka ne, lambun da kake mafarki a wajen katangarka zai kasance.

Alhaji Mai Filoti: Safiyo, ku 'yan awo kun iya lissafin takarda, mu kuma kasuwa muka sani. Mai saye ba ya zuwa da tef. Yana jin "ba a yin bene" zai juya. Na riƙe irin wannan fili a hannuna har na gaji da tallarsa. Rabi na ce, kuma rabin ma don yana kusa da mahaifiyarsa ne.

Hajiya Uwani: Ni dai maganar fili tana tayar mini da ciwo. Ƙanin maigidana na ba kuɗi ya saya mini, amana, har ya kai ni ya nuna mini wuri da turaku huɗu. Da na tashi zuba bulo sai ga wani da takardarsa. Har yau ana "a yi haƙuri, zumunci", ni ce ma na zama mai laifi don na yi magana. Ɗan uwa, wanda kuka taso tare ɗin nan shi ya fi sauƙin kwantar maka da hankali ka miƙa kuɗi.

Baban Khalifa: Ku bar wahalar da bawan Allah. Ka saya, ka yi gininka. Ka duba layin, na tabbata akwai mai bene, akwai mai shago, wa ya taɓa su? Doka a takarda take.

Maman Ilham: Baban Khalifa, ka ji tsoron Allah. Yayana haka aka zuga shi, ya ja katanga har bakin kwalbati, ya fitar da shaguna biyu. Wata safiya ya tashi ya tarar da jan fenti a bango, kafin ya gama zirga-zirgar ofis motar rusau ta zo. Ko sisi ba a ba shi ba, don shi ya shiga inda aka hana. Yanzu hawan jini yake fama da shi, masu zugar kuwa ko jaje ba su zo ba.

Abu Safwan: Ni ba mai karya doka ba ne. Ɗaki uku da falo nake so, 216 ya ishe ni har da wurin ajiye mota. Benen dai na so in ɗora nan gaba in sa 'yan haya, amma ba dole ba ne.

Injiniya Ladi: Yaya, wannan "nan gaba" ɗin da ka faɗa a gurguje ita ce maganar. In kuɗin hayar bene na cikin lissafin da za ka riƙe iyali da shi bayan ka bar aiki, filin nan ya soke shi. Ga yadda masu ƙiyasin kadara suke yi: ka tambayi nawa gida mai ɗaki uku marar bene yake yi a layin in an gama shi, ka cire kuɗin gini, da na zane da izini, da duk wani ƙarin aiki da wannan wurin zai jawo. Abin da ya rage shi ne ƙarshen abin da ya kamata ka biya. Kuma gefen magudana ƙarin aiki ba ya kaɗan: ciko, ɗaga fandisho, ƙarin rodi da siminti, wataƙila har da bangon tare zaizaya. Sokawe ma a ƙasa mai ruwa kusa ba ya tsotsewa da kyau, kuma in rijiya za ka haƙa, ana son ta yi nisan kamar mita 30 da shi, alhali tsawon filin gaba ɗaya ke nan. Ka je ka dubi bangon maƙwabta daga ƙasa. In ka ga layin danshi, fenti yana ɓarewa, ko farin gishiri a jikin bulo, ruwa ya ba ka amsa. Ka tambayi masu haya a layin yadda damina take yi musu, su ba su da abin ɓoyewa.

Alhaji Mai Filoti: To ka ji. Duk abin da Injiniya ta lissafa kuɗi ne, a cire su a gani in ba rabin da na faɗa za a dawo ba. Cinikin biri a sama kake shirin yi, Malam.

Abu Safwan: Na je wurin, busasshe ne ƙarau, ban ga alamar ruwa ba. Kuma ku gane, Hajiya ta tsufa, ƙafa ta ƙi, in na yi nisa wa zai riƙa leƙa ta? Wannan ba ya shiga lissafin mita.

Injiniya Ladi: Da rani ka je, Yaya. Kusancin Hajiya kuwa dalili ne mai ƙarfi, amma darajarsa a wurinka take, mai filin ba shi da hujjar caje ka a kansa.

Safiyo Ɗanlami: Har yanzu ba ka faɗa mana wa ya sa sharaɗin ba. Ka karɓi kwafin takardar ka kai ofishin ƙasa a bincika, ka nemi a ɗaga maka ƙafa mako biyu. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Abu Safwan: Kwafin yana hannun dillali, ya ce sai an cika zai bayar. Na riga na ba da kafin alƙalami tun makon jiya don kada a riga ni.

Hajiya Uwani: Innalillahi. An rubuta cewa za a mayar maka in ka fasa?

Baban Khalifa: Tunda ka sa ƙafa ka ƙarasa kawai, ƙasa ba ta faɗuwa.

Alhaji Mai Filoti: Tana faɗuwa mana, wa ya gaya maka? Malam, turo mini hoton takardar ta akwatin saƙo in duba maka.

Abu Safwan: Ba mu rubuta komai ba, ai tsakaninmu ne. Zan kira shi bayan Isha'i in ji ko mai filin zai ƙara ko kashi 5 ne a kan ragin. Amma wai in mutum ya yi ɗaki ɗaya tak a sama, shi ma bene ake ɗaukarsa?