Musayar Waƙa: Zumuncin 'Yan Dawa

Auta na Kibiya:

Salamu alaikum iyayen gida,
Da tambaya na zo gun 'yan dawa.
Baba Sarkin Baka, ga ɗanka nan,
Ina son shiga, wa ke shigarwa?
A birni ana ce da ku 'yan daba,
Ni ko ban ga kun ci zalin kowa.

Baba Sarkin Baka, Bunkure:

Wa alaikas salamu, zauna ɗana,
Zancen da ka ɗauko yana da yawa.
Farauta ta girmi ganuwar Kano,
Ta riga Bagauda zuwa ga Kanawa.
A 999 ya zama sarki,
Ya iske maharba cikin dawa.
Barbushe da ke bisa Dutsen Dala,
Da sanda aka ce yake kashe giwa.
Tsafinsa mun bar shi tun da daɗewa,
Jarumtar kaɗai muka yi riƙewa.
Sarkin Dawa shi ke sa ranar fita,
In bai ce ba, babu mai fitowa.
Masu kwari da baka, da harba-ka-ruga,
Ni ne ubansu wajen tsawatarwa.
'Yan tauri na da nasu sarkin,
Su ne a gaba in abu ya yi tsawa.
Ba mu naɗa kanmu ba, ka ji ɗana,
Hakimi ke naɗi, shi ke tuɓewa.
Wanda ke da sarki a kansa haka,
Ina ya haɗu da ɗan daba mai ƙwacewa?

Kawu Mai Gangi, Tudun Wada:

Baba ya faɗi tushe, ni ga ƙofa,
Auta ka buɗe kunne da kyau, ka jiyo wa.
Wani gado ya yi, wani ko barantaka,
Duka biyun sai da ladabi da jurewa.
Ubanka ya kai ka gun maigida,
Da goro a hannu, shi ne shaidawa.
Burgami da gora kai ke ɗauka,
Karnuka ma kai ke ciyarwa.
Rani ya zo, rani ya wuce,
Kana koyon sawun gada da barewa.
Ka san ganye da saiwa na sarar maciji,
Ka san inda iska take kaɗawa.
Sannan a ba ka baka a hannu,
Ni ko in saka sunanka a gangi, ka yi rawa.
Nama na wanda ya fara jini,
Cinya ta Sarki, saura a yi rabawa.
Gandun Falgore yana nan kusa da mu,
Doka ta hana, ba ma tsallakewa.

Inna Uwar Maharba:

Ku maza kuna ta kirarin dawa,
Ni ce a ƙofa nake jiran dawowa.
A 2025, cikin azumi,
Mafarauta 16 suna tahowa.
Sallah za su yi a gida Kano,
A Uromi ta Edo aka yi tarewa.
Aka ce da su masu satar mutane,
Aka kashe su, babu mai saurarawa.
Sarkin Baka, ina zumuncin yake?
Ga marayunsu can a ƙauyen Torankawa.

Ɗan Tauri na Gwaram:

Inna, kukanki ya iso Jigawa,
Mun ji shi, zuciya na ta ƙunawa.
A 2014 da Boko Haram ta kama Mubi,
Maharba sun tsaya wa Adamawa.
Ranar tsoro ana nemanmu,
Ranar tafiya a ce mu ne ɓatawa.

Baba Sarkin Baka:

Inna, kin yi gaskiya, na karɓa,
Allah ya ji ƙansu, ya yi gafartawa.
Daga yau duk wanda zai bar ƙasarmu,
Da katin shaida zai yi fitowa.
Da takardar hakimi cikin aljihu,
Sarkin Dawan can ya san da zuwa.
Cinyar da ake ba ni kowace fita,
Na sauke ta, ba ni ƙara taɓawa.
Mai Gangi, ka shaida wa kowane sarki,
Bana ƙofar marayu za a dinga kaiwa.