Abin da aka ce kan aiki a sashen kuɗi na kamfanoni

Na karanta duk abin da mutane suka faɗa kan yadda aiki a sashen kuɗi na kamfani yake da yadda ake samunsa, ga abin da na tattaro:

1. Kusan kowa ya yarda aikin ya wuce ƙirga kuɗi. Akwai tsara kasafi da lissafin ko sabon jari zai biya.
2. Ba sai gwanin lissafi ba, a dai iya manhajar lissafi ta Excel, a kuma yi haƙuri.
3. Kan kuɗin ruwa aka rabu, nan ma ya fi damuna. Wasu sun ce a nemi aiki a bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, kamar Jaiz, da ya fara aiki a 2012, ko TAJBank. Wasu sun ce ko kamfanin siminti na cin bashin banki, a tambayi malami tukuna.
4. Zancen "sai da hanya": wasu sun ce takardar ICAN, wato ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, ta ishe su samun aiki, wasu sun musa.